Zuriyar Gilbert, Reshen Kafanchan

Akwai gidajen da ba a rubuta tarihin duniya sai da sunansu a ciki. Gidan Obadiah Gilbert da ke bayan layin dogo a Kafanchan ya shiga sahunsu a watan Satumba na 1988, kuma maigidan ne ya shigar da shi da kansa, ranar wata Talata bayan ya karya kumallo.

Obadiah tsohon akawun sito ne a reluwe. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana ƙirga ƙusoshi da fitilun hannu, ya yi ritaya da tafireta ɗaya, da taye huɗu, da cikakken imanin cewa ƙasa ba ta san wanda ta rasa ba. 'Yarsa Hellen, malamar firamare, za ta auri Meshak Zamani, malamin kimiyya a wata sakandare, ranar Asabar ta ƙarshe a watan Oktoba. An ɗinka kaya, an gaya wa Zumuntar Mata ta majami'a, an ɗaure akuya. Abu ɗaya ne ya rage.

Ranar da dangin ango suka zo gaisuwa daga Madakiya, Baba Zamani, ƙanin mahaifin Meshak wanda ya riƙe shi tun rasuwar uban, ya ajiye moɗar kunu ya yi tambayar da ake yi wa kowane uban amarya.

"Malam Obadiah, yarinya ya yi mana, ba mu da magana. Amma wannan Gilbert naku, na wane gida ne? Mu ba mu aure sai mun san gida, kada mutum ya ɗauko 'yar'uwansa bai sani ba. Kafin Fasto ya kira aure na uku a majami'a, ina so in ji."

Tambaya ce mai jimla ɗaya, amsarta ma jimla ɗaya ce, kuma Obadiah ya san amsar. Abin da ya hana shi faɗa shi ne bai taɓa ƙaunarta ba. Ya gyara taye ya ce za a ji a lokacin da ya dace. Maman Hellen ta yi masa irin kallon da take yi wa tukunyar da ke shirin zubewa.

Ranar Talatar nan yana shan shayi, rediyo ta ce wata mahaukaciyar guguwa ta afka wa ƙasar Jamaika, ta kwashe rufin gidaje ta tumɓuke ayaba. Sai mai karanta labarai ya faɗi sunan da masana suka ba ta. Obadiah ya ajiye kofi. Ya sa takalmi ya tsallaka titi zuwa shagon Alhaji Dalhatu mai atamfa, maƙwabcinsa na shekara ashirin, wanda bai taɓa yarda da wata magana tasa ba kuma bai taɓa fashin saurarenta ba.

"Alhaji, ka ji labaran safe?"

"Na ji, Akawu. Iska ta yi ɓarna a wata ƙasa. Allah ya kiyaye na gaba."

"Ka ji sunanta?"

"Ban tsaya mun gaisa ba."

"Gilbert!" Obadiah ya bugi ƙirji. "Kana tsammanin Turawa suna raɗa wa abu suna haka kawai? Sai sun zauna miti, sun duba gida mai ƙarfi."

Alhaji ya ci gaba da naɗe turmi. "To ka ja mata kunne mana. Ƙanwarka ce ko gwaggonka?"

Obadiah bai ji ba'a a cikin maganar ba, nauyi ya ji. Kafin azahar ya buga wasiƙa mai shafi biyu zuwa ga hukumar Jamaika, yana jajantawa, yana kuma ba da haƙuri a madadin iyali, tare da bayanin cewa asalinsu mutane ne masu sanyin hali sai dai in an taɓa su. Ya sa hannu a ƙasa: Shugaba, Ƙungiyar Zuriyar Gilbert ta Duniya, Reshen Kafanchan.

Maman Hellen ta karanta ta kan kafaɗarsa. "Baban Hellen, ina sauran rassan?"

"Za su ji labarinmu."

"Baba Zamani fa? Shi yaushe zai ji nasa labarin?"

"Shi nake shirya wa. Mutanen nan suna da malamin kimiyya a gidansu. So kike in je musu hannu biyu?"

Daga ranar ya shiga farautar sunan. Ya sauko da tsohon littafin taswirar da Hellen ta yi karatu da shi, ya bi teku da yatsa shafi bayan shafi, sai ga shi can a tsakiyar ruwa, wasu ɗige-ɗige kamar kashin ƙuda: Tsibiran Gilbert. Ya ƙirga da tabarau biyu a haɗe, ya samu sha shida. Ya kira Hellen ta zo ta ga gadonta.

"Baba, wannan littafin ya tsufa. Tun 1979 aka canza musu suna, Kiribati ake ce musu yanzu."

"Wa aka tambaya?"

"Mutanen da ke zaune a wurin."

"'Yan haya ke nan."

"Baba, don Allah, sunan kakana da ƙauyensa kawai ake nema. Saura sati huɗu."

"Ki kwantar da hankalinki. In na gama da su, da rarrafe za su zo ɗaukarki."

Meshak yana zuwa kowace Asabar ya yi aikin da ake sa ran mai neman aure zai yi, ya gyara shinge ko ya faskara itace. Obadiah ya tare shi da gatari a hannu ya tambaye shi ko sunan ya leƙa kimiyya. Meshak mutum ne mai gaskiya, abin da ya jawo masa wahala sau da yawa a rayuwa.

"Akwai, Baba. Wani ma'auni ne na ƙarfin maganaɗisu, gilbat ake ce masa. Amma an daina aiki da shi tuntuni."

Rabin farko na amsar ya shiga kunnen Obadiah ya zauna. Rabi na biyu bai samu kujera ba. Washegari bayan sujada ya ɓalle maganaɗisu daga wata matacciyar lasifika a siton majami'a, baƙin ƙarfe mai nauyin dutsen niƙa ƙarami, ya riƙa yawo da shi a aljihun kwat. Ya kwashe alluran tela daga kan tebur. Ya manne da ƙofar motar haya har kwandasta ya zaci gardama yake yi. Duk inda aka tambaye shi sai ya ce ƙarfin gida ne, shi kuma ƙarfen shaida ce kawai.

Babban gwajin ya faru a falon Alhaji Dalhatu, wanda ya mallaki talabijin mai kala ɗaya tilo a layin. Da yamma maƙwabta sun cika tabarma suna kallon ƙwallo, Obadiah ya miƙe a lokacin hutun rabin lokaci ya ce zai nuna musu abin da kakanninsa suka gano. Ya ɗora ƙarfen a jikin gilashin. Nan take filin wasa ya koma shuɗi, 'yan wasa suka koma kalar ganyen rama, mai sharhi ya fito da rabin fuska ja rabi ɗorawa.

"Kun gani?" in ji Obadiah. "Wannan bai wuce gilbat ɗari ba."

"Akawu," in ji Alhaji a hankali, "ɗauke kakanka daga jikin talabijin ɗina."

Ya ɗauke. Kalar ba ta bi shi ba. Kwana goma duk wanda ya fito a akwatin nan, har masu wa'azi, kamar ciwon shawara ke damunsa, sai da Meshak ya ɓata yammaci biyu a bayan akwatin kafin mutanen cikinsa su warke.

A siton majami'ar nan dai ya gamu da kiɗa. A ƙarƙashin karyayyun bencina akwai wani tsohon ogan na zamanin mishan, irin wanda ake taka masa iska da ƙafa, rabonsa da yin ƙara tun kafin yaƙin basasa. Obadiah ya goge wata 'yar tagulla a goshinsa da gefen riga, ya ga sunan masu ƙera shi: Gilbert da 'Ya'yansa. Sai da ya nemi wuri ya zauna. Fasto ya ba shi aron ogan ɗin da saurin mutumin da ya daɗe yana neman wurin ajiye siminti.

Ya kai wa Alhaji rahoto: ƙasa, kimiyya, kiɗa, ga kuma iska.

Alhaji ya lissafa da yatsu. "Tsibiran an canza musu suna. Ma'aunin an daina aiki da shi. Abin kiɗan ya mutu. Guguwar ma na ji an ce ta lafa. Akawu, danginka duk sun yi ritaya kamarka."

"Hassada ce. Kai me aka raɗa wa Dalhatu?"

"Jikoki uku. Duk suna aiki."

Obadiah ya sa ranar taro: Asabar, jajibirin kiran aure na uku. Ya aika wa shirin gaishe-gaishe na rediyo sanarwa, ya sa mai shela ya zaga kasuwa, cewa duk mai amsa sunan Gilbert, namiji ko mace, ya hallara a ƙofar gidansa don Ranar Gilbert ta Farko. A shekarun nan kowace ƙabila a kudancin Kaduna tana da ranarta ta shekara, da shugaba da sakatare da kalanda, don haka ba wanda ya ga abin a matsayin hauka tun da wuri. Ya buga wa Baba Zamani kati na musamman: Babban Baƙo, wanda za a ba shi amsar tambayarsa a bainar jama'a.

An kira aure na ɗaya, an kira na biyu, ba wanda ya yi tari. A satin ƙarshe Fasto ya kawo wa Obadiah takardun ango da amarya ya buga masa a tafireta, tun da shi ne mai buga wa ikilisiya komai. A cikinsu akwai katin baftismar Meshak, ya yi ja don tsufa. Kowa ya san marigayi uban Meshak da sunan Katung. Amma a layin da aka rubuta sunan uba, da tawadar wani mishan da ya daɗe a kabari, an sa: Gilbert Katung.

Wani mutum da ya ga haka zai gane dalilin tambayar Baba Zamani, ya ji sanyi a bayansa. Obadiah ya ɗaga ido sama ya yi godiya. Ya sa katin a aljihun ƙirji ya yi kwana uku yana murmushi shi kaɗai.

"Me kake ɓoyewa?" in ji Maman Hellen.

"Sirrin ƙungiya."

"Ƙungiyar kai kaɗai ce."

"Shi ya sa sirrin bai fita ba."

Ranar Asabar an jera bencin mutum ɗari biyu a ƙarƙashin mangwaro, Meshak ne ya ɗauko su ɗaya bayan ɗaya daga majami'a. Gilbert tara suka zo. Akwai wani mai sayar da kayan gyaran mota ɗan Onitsha wanda sunan nasa na yanka ne, ya zo ya ji ko za a raba fili. Akwai wasu 'yan'uwa uku daga wajen Kagoro da suka ji an ce za a yi abinci. Akwai wata tsohuwa daga Kasuwan Magani wadda mijinta Gilbert ya tafi haƙar kuza a Jos shekara ashirin da biyar da suka wuce bai dawo ba. Ta ji sanarwa ta ɗauka an kamo shi, ta zo da sanda. Waɗanda ba Gilbert ba kuwa sun fi ɗari uku, sun cika bencina sun hau katanga. Alhaji Dalhatu ya rufe shago, abin da bai yi ba ko ranar sunan jikansa, ya zo da kujerarsa ya kafa a gaba. Baba Zamani yana teburin manya, hularsa a kan gwiwa.

Obadiah ya yi jawabi na minti hamsin. Ya ɗaga taswira, ya karanta kwafin wasiƙar Jamaika, ya ɗaga ƙarfen ya tsinci makullan mutum biyu. Tsohuwar Kasuwan Magani ta katse shi sau uku tana tambayar a wane ɗaki aka kulle mutumin.

"Mama, mijinki yana cikinmu a ruhu."

"A ruhu? Ku fito da shi in ga ruhun!"

Sai aka zo kiɗa. Majiya ƙarfi huɗu suka fito da ogan. Obadiah bai taɓa koyon kaɗa shi ba, amma ya bayyana wa taro cewa abin da ke cikin jini ba a zuwa makaranta dominsa. Ya naɗe hannun riga, ya zauna, ya fara taka. Da fari ba abin da ya fito sai wani nishi irin na saniya mai ciwon ciki. Ya ƙara ƙarfi. Ɓawon gyaɗa ya fara tsartuwa ta gefe, sai tsumma, sai wani shafi na littafin waƙoƙi da aka ci rabinsa. Ya danna yatsu goma gaba ɗaya ya taka da ƙafa biyu. Ogan ya yi wata ƙara guda, doguwa, mai ban tausayi, sannan mazauna cikinsa suka yanke shawarar tashi. Ɓera bakwai suka fito a jere, babbar a gaba, suka bi ta ƙarƙashin bencin Zumuntar Mata.

Abin da ya biyo baya ya fi kiɗan motsa jama'a. Da aka samu natsuwa aka tsince ɗankwalaye, shugabar mata ta ɗauki waƙa da tulu da kacau-kacau don a rufa wa Maman Hellen asiri.

"Su ma 'yan gida ne?" in ji Alhaji. "Na ga sun fito daga wurin Gilbert da 'Ya'yansa."

Obadiah ya karkaɗe wando. Bai damu ba, don babban makaminsa yana aljihu. Ya sa aka kawo ƙwarya guda cike da kunun acca, ya ɗaga ta sama.

"Duk mai wannan suna, daga nan har bakin teku, jini ɗaya ne, tsatso ɗaya, kaka ɗaya! Na faɗa a gaban dattawa, na faɗa a gaban Allah. Wanda ya sha daga ƙwaryar nan ya shaida."

Ya sha. Gilbert tara suka sha, mutanen Kagoro sau bibbiyu. Hellen ma ya kira ta, ta kurɓa don a gama. Sannan ya juya wajen Babban Baƙo da fuskar mai shirin ba da kyauta.

"Baba Zamani, ka tambaye ni gida. Yau zan nuna maka cewa gidan nan ya fi ƙarfin tambaya, don kai kanka a cikin inuwarsa ka yi reno. Meshak! Zo nan, ɗana."

"Baba, ni benci na zo ɗauka."

"Zo!"

Obadiah ya zaro katin ya karanta da muryar coci, ya maimaita layin sunan uba sau biyu. Ya miƙa ƙwaryar. Meshak ya dubi Hellen, ta girgiza kai. Ya dubi baffansa, bai ga komai a fuskar ba. Ya dubi mutum ɗari uku da ke jiran su ga ko zai ƙi umarnin suruki saura kwana bakwai biki. Ya sha.

"Jini ɗaya!" in ji Obadiah.

Ba wanda ya tafa sai ɗan Onitsha. Baba Zamani ya miƙe, ya sa hularsa, ya daidaita ta da hannu biyu.

"Na gode, Malam Obadiah. Na ji amsa."

Ya kama hanyar tasha, mutanensa suka bi shi. Obadiah ya raka su da ido cikin gamsuwa.

"Kin gani? Ko magana ya kasa."

"Baban Hellen," in ji matarsa, "ka san abin da ka yi?"

"Na kafa tarihi."

"Ka mai da angon 'yarka wanta."

Hellen ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko farar rigar aurenta, ta shimfiɗa a kan tafiretar babanta, ta ce tun da ya iya rubuta wa ƙasashe wasiƙa, sai ya rubuta wa rigar ya yi mata bayani.

Ranar Lahadi majami'a ta cika irin cikar Kirsimeti, har da waɗanda rabonsu da sujada tun jana'izar iyayensu. Bayan an karɓi baiko Fasto ya buɗe takarda ya kira auren Meshak da Hellen karo na uku, ya ce in akwai wanda ya san dalilin da zai hana, ya faɗa yanzu. Ya yi ƙoƙarin wucewa da sauri. Baba Zamani ya riga shi miƙewa.

"Fasto, ni ba ni da magana. Uban yarinya ne ya yi magana. Jiya a gaban mutane ya ce yaro da yarinya jini ɗaya ne, ya ba su ƙwarya ɗaya suka sha. A wurinmu wa ba ya auren ƙanwa. In an yi, 'ya'ya ba su tsayawa. Ni ba zan kai wannan abu gidan wana ba."

Fasto ya cire tabarau. "Dattijo Obadiah?"

Obadiah ya miƙe da tayensa mafi kyau. "Abin da nake nufi, jini ɗaya a ruhaniya. Ai dukanmu 'ya'yan Adamu ne."

"Jiya ba ka ce Adamu ba," in ji Baba Zamani. "Gilbert ka ce."

"To, dangantaka ce ta nesa. Ta wajen teku."

"Mu a Madakiya ba mu da teku. Dangi dangi ne."

"A kimiyyance, in aka duba..."

"Baba," in ji Meshak daga bencin mawaƙa, "don Allah kada a sa kimiyya."

Fasto ya ɗaga hannu aka yi shiru. "Dattijo, ba tsibiri na tambaye ka ba. A gaban Allah da ikilisiya: wane ne babanka, kuma daga ina?"

Obadiah ya dubi sahun mata. Hellen tana zaune kusa da uwarta, hannayenta a kan cinya, ba ta kallon kowa sai shi. Ya nemi wata ƙofar a cikin kansa, ya tarar duk ya rufe su da hannunsa jiya. Ya yi gyaran murya.

"Sunan babana Didam."

"Ɗaga murya, na baya ba su ji ba."

"Didam! Daga Fadan Kaje, gidan maƙera." Ya gyara taye. "Ya zo neman aikin lebura a reluwe a 1938. Helma, shugaban leburori, ya ce littafi ya cika, Bature ya hana ɗaukar sabon mutum. Amma akwai wani lebura, Gilbert, da ya yi kwana tara ya gudu ya bar lambarsa ta tagulla a rataye. Helma ya ce wa babana, in za ka amsa sunan nan da safe in an kira, ga lamba, ga diga. Ya amsa. Shekara ashirin da shida yana amsawa. Da aka kai ni makaranta aka tambayi sunan uba, sai ya ba da na wurin aiki."

Maman Hellen ta sauke numfashin da ta riƙe tun Satumba. Baba Zamani kuwa bai zauna ba. Ya karkata kai kamar mai jin kira daga nesa.

"Kwana tara ka ce?"

"Tara."

"Lamba ɗari biyu da sha huɗu?"

Obadiah ya juyo gaba ɗaya. "Ya aka yi ka sani?"

"Wana ne! Katung! Sabon baftisma ne lokacin, ya je da sabon suna. Jirgi ya yi kuka a bayansa, ya yar da diga, bai tsaya ba sai Madakiya. Har ya mutu in ya ji kukan jirgi sai ya shiga ɗaki." Ya nuna Obadiah da hula. "Ashe sunan wana ne kuke ci shekara hamsin!"

Dariyar ta faro daga bencin mata ta bi ta mawaƙa ta fita ta taga. Fasto ya yi ƙoƙarin tsawatarwa, sai ya ga ya fi sauƙi ya sunkuya kamar mai neman wata aya. Obadiah yana tsaye a tsakiya, taye a wuya, hannu a kan bencin gaba.

"Ke nan ba jini?" in ji Fasto da ya samu murya.

"Ba jini," in ji Baba Zamani. "Maƙeran Fadan Kaje muna aurensu tun kakanni. Da ya faɗa mini haka ranar farko, da kunu na biyu zan nema." Ya juya wajen Obadiah. "Amma tsaya. Tsibirin nan, guda nawa ka ce?"

"Sha shida," in ji Obadiah a hankali.

"Namu ne ke nan."

"Ku haɗa da guguwar," in ji Maman Hellen daga wurin zamanta. "An riga an ba da haƙuri a madadinku."

An ɗaura auren ranar Asabar kamar yadda aka sa. Obadiah ya kai 'yarsa gaban bagade, kuma jawabinsa a wurin liyafa bai kai minti biyu ba, abin da Alhaji Dalhatu ya ce shi ne ya fi ba shi mamaki a duk al'amarin. Baba Zamani ya kafe cewa suna mai ƙasa da ma'auni ba za a bar shi a hannun masu aro ba, dole ɗan mai shi ya koma kansa, kuma Meshak bai fi iya ƙin baffa ba fiye da yadda ya iya ƙin suruki.

A watan Nuwamba, a shafin jarida inda sababbin amare ke sanar da canjin suna, an jera mata goma sha ɗaya da namiji ɗaya, Meshak Zamani, wanda daga yau yake so a san shi da Meshak Gilbert. Amaryarsa ba ta da abin canzawa.